Takardar da Aka Karanta a Zaure

Ingila,
5 ga Maris, 2023

Zuwa ga Kawu Maiwada,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, kai da Inna Hanne da duk mutanen Gafasa. Yaya ƙafar taka, yaya kuma idon? Ni lafiyata ƙalau, sai sanyin ƙasar nan da ya ƙi ƙarewa. Tun da kunnenka ya ƙi waya, na koma takarda kamar yadda ka ce. Zan riƙa bugawa ina tura wa Maikuɗi mai shagon kwamfuta a Ajingi, ya fitar maka ka karɓa ranar kasuwa.

Magana biyu ce da ni. Ta farko ta Ummi ce. Ta shiga shekara goma sha ɗaya, rabona da ita shekara ɗaya da wata bakwai. Hukumar nan ta yarda in kawo ta wurina. Abin da ya rage shi ne Baffanta, Yaya Muhammad Bashir, ya sake ta daga Kademi a kai ta Kano a yi mata fasfo. Ranar da zan taho ya ce in na sami wurin zama zai ba ni 'yata, to na samu. Don Allah ka tuna masa, ya fi jin nauyinka a kan nawa.

Ta biyun ce mai nauyi, kuma ban san wanda zan gaya wa ba in ba kai ba. Kai da Innata 'ya'yan wa da ƙani ne kawai, amma tun da iyayena suka rasu kai na sani. Kai ka sa ni a aji ɗaya, kai ka tsaya har na gama makarantar jinya.

A gidan tsofaffin da nake aiki akwai wata Ba'indiya, tare muke kama aiki. Tana da ɗan gunki a akwatin kayanta, kullum sai ta gaishe shi kafin ta sa rigar aiki. Na yi wata uku ba na cin abincinta. Da muka saba na tambaye ta, sai ta yi dariya ta ce ita ma ta san ƙarfe ne. A wurinsu, in ji ta, Ubangiji ba a can sama yake zaune yana kallonmu ba, yana cikin komai, cikina da cikinta da cikin tsohuwar da muke yi wa wanka. Ta ce in an jera randuna goma a tsakar gida za a ga rana a cikin kowacce, amma rana ɗaya ce. Kowa da ƙofar da yake shiga, gidan dai ɗaya ne. Wanda ya mutu kuma bai tafi ba, riga ya sake.

Akwai kuma wani tsohon Bature a ɗaki na tara. Shekara hamsin yana zuwa coci, ranar da matarsa ta mutu ya daina. Na ce masa, wato ka daina yarda da Allah ke nan? Ya ce a'a, ai da ya daina yarda da ya huta, fushi yake da Shi. Su uba suke kiran Sa, shi kuma ya ce uban da ɗansa ba ya iya tambayarsa dalili ba uba ba ne. Jikokinsa kuwa cewa suke babu kowa a can sam, kowace mutuwa da sanadinta, kuma ana rubutawa.

Ana rubutawar kuwa, Kawu. Watan jiya wata tsohuwa ta faɗi a banɗaki ta karye. Zama uku aka yi: wa ke bakin aiki, ƙarfe nawa, me ya hana a zo da wuri. Ba wanda ya ce kwana ne ya ƙare. Ina zaune a wurin sai Baban Ummi ya faɗo min. Kwana uku yana riƙe da ciki a Kademi, ana cirar gyaɗa, ana cewa bari a gama a kai shi asibitin Gaya. Ina Kano wurin aiki ba a gaya min ba sai rana ta uku, lokacin hanjin ya riga ya huje. A wurin zaman makoki kowa ya zo sai ya ce sai haƙuri, haka Allah Ya so. Na ce amin, na yi ta cewa amin shekara biyu da rabi.

Yanzu tambayar ta hana ni sakat. Allah ne Ya so, ko jinkiri ne? In jinkirin ma Shi Ya so, to laifin wa? Ina salla, ban fasa ko ɗaya ba, amma in na ɗaga hannu sai in ji kamar ba kowa a gidan. Tsoro nake ji ƙwarai. Ka ba ni amsa irin ta da, ko da faɗa ne.

'Yarka,
Naja'atu

Gafasa, Ajingi,
2 ga Mayu, 2023

Zuwa ga Naja'atu,

Wa alaikumus salam. Muna lafiya, an yi salla lafiya, Hanne tana gaishe ki. Ƙafa tana nan yadda kika san ta. Zafi ya yi yawa, ana gyaran gonaki ana duban gabas. Na san kin ƙosa da shiruna, to ki zauna ki karanta a hankali, don na yi miki ɓarna da hannuna.

Takardarki ta iso kwana biyu bayan an yi min aikin yanar ido. Na dama yana rufe da auduga, na hagu kuwa kin san ya daɗe da yin ritaya. Likita ya hana ni karatu sai an yi min tabarau. Hanne ba ta san boko ba. Takarda ta yi kwana tara a ƙarƙashin matashina ina shafa ta.

Sai ga Muhammad Bashir ya zo dubiya daga Kademi, shi da Liman Ɗantani da wasu dattawa biyu. Kin san al'adarmu, wasiƙar wanda ke nesa ba ta mutum ɗaya ba ce, in ka ɓoye ta sai a ce rowar labari kake yi. Ni kuma ga alfahari, 'yata ta rubuto daga Ingila. Na miƙa masa a zaure na ce, karanta mana, uwar Ummi ce.

Ya karanta, tun daga sallama har sunanki. Ni da kunnena ba na jin komai sai gunguni, ina ta gyaɗa kai ina cewa madalla, madalla. Hanne da ke bayan ƙofa ta ce har wurin da kika ce ba kowa a gidan sai da na ce madalla. Na dai ga sun tashi ba su taɓa furar da aka kawo musu ba. Sai da aka ba ni tabarau bayan salla na karanta da kaina, na gane irin wutar da na hura. Shekara talatin da biyar ina koyarwa, ban taɓa yin wauta irin wannan ba.

Ga yadda suka ɗauke ta. Maganar randuna da ƙofofi sun ce taki ce, kin fake da Ba'indiya ne kawai. Na je Kademi sau biyu na nuna musu layin da ɗan yatsa, na ce ga inda ta ce "in ji ta". Liman ya gane, amma magana ta riga ta bar zaure. A kasuwar Ajingi har an tambaye ni wai da gaske ne kin ajiye gunki.

Kin nemi amsa, ga abin da nake da shi. Ba'indiyarki ta sa Ubangiji a cikin randa, tsohonki ya kai Shi kotu. Mu ba a koya mana ko ɗaya ba. Mu bayi ne, bawa yana kuka, yana kai kukansa wurin Ubangijinsa, amma ba ya kai ƙarar Sa, don babu alƙalin da zai kai wa. Sai dai ƙaddara ba sabulu ba ce da za ta wanke wa mutum sakacinsa. An yi jinkiri da mijinki Abdulsalam, kowa ya sani, kuma kwanansa ne ya ƙare, wannan ma gaskiya ne. Yadda biyun suke zama a wuri ɗaya ban sani ba, manyan malamai ma sun yi ta fama. Jin da kike yi kamar ba kowa kuwa, ba a kanki aka fara ba. Ki ci gaba da ƙwanƙwasawa.

Yanzu maganar Ummi. Muhammad Bashir ya ce ba zai ba da 'yar ƙaninsa a kai ta inda uwarta ta rasa alƙibla ba. Haka ya faɗa a gaban mutane. Amma ni na lura da shi, ba randuna ne suka soke shi ba, gyaɗa ce. Shi ne ya ce a bari a gama cira. Bakinsa ne ya karanta wannan a gaban Liman, kuma tun ranar ya rame.

Ya ce ba zai ɗauki wayarki ba. Sharaɗinsa takarda ce, a karanta a zaurensa gaban mutanen da suka ji ta farko. Ki rubuta kin tuba, ba ki da shakka a kan ƙaddara, kuma kin janye maganar jinkiri. Abu uku ke nan, layi biyar sun isa. Naja, na san taurin kanki tun kina aji uku, amma durƙusa wa wada ba gajiyawa ba ne. Ki rubuta ki karɓi 'yarki.

Ki yafe min.

Kawunki,
Maiwada

Ingila,
11 ga Yuni, 2023

Zuwa ga Kawu,

Assalamu alaikum. Ina fatan idon ya washe, ina gaida Inna Hanne. Na ji an sami ruwan shuka, Allah Ya ba da damina mai albarka. Ni dai ga ni nan.

Na yi fushi da kai sati biyu, ba zan ɓoye maka ba. Na buɗe maka cikina ka shanya shi a zaure. Daga baya na tuna ka zaune da auduga a ido kana cewa madalla, sai na yi dariya, dariyar ta koma kuka. Na yafe maka, ai ba da nufi ka yi ba.

Da ina samun Ummi ta wayar Amarya, matar Baffanta, duk ranar Juma'a. Yau wata biyu ke nan wayar ba ta shiga. Ban san abin da aka gaya mata a kaina ba. Na saya mata rigar sanyi tun watan Fabrairu, kullum sai na duba ta ina tunanin ko ta yi mata kaɗan kafin ta zo.

Na zauna rubuta layi biyar ɗin nan sau huɗu. Na farko ba wuya, kowa mai tuba ne. In na zo na biyu sai hannuna ya tsaya. Yaya zan rubuta ba ni da shakka alhali ita ce take kwana da ni take tashi da ni? In Allah Yana ji, Ya san ƙarya nake yi da sunan Sa. In kuma na iya rubutawa ban ji komai ba, to na tabbatar wa kaina ke nan ba na tsoron kowa, kuma wannan ya fi ba ni tsoro. Na ukun kuwa, ni na tsaya a gaban likita ya ce da jiya aka kawo shi da ya tashi. In na janye, na sake binne Baban Ummi ne da hannuna.

Na ba mutanen nan biyu labari. Ba'indiya ta ce in rubuta kawai, magana riga ce, wanda ke cikina Ya san abin da ke ƙarƙashinta. Tsohon ɗaki na tara ya ce kada in sa hannu a kan abin da ban yarda da shi ba, wai shi ne kaɗai abin da mutum ya mallaka. Ita tana da 'ya'yanta uku a gabanta, shi kuma nasa ba sa zuwa sai ƙarshen wata. Kowannensu da sauƙin faɗa.

Ga abin da na iya. Ka kai masa, ka karanta musu yadda yake:

"Yaya Muhammad Bashir, ina gaisuwa. Na shaida babu abin bautawa da gaskiya sai Allah, kuma Annabi Muhammadu Manzon Sa ne, tsira da aminci su tabbata a gare shi. A kan haka nake, a kan haka zan tarbiyyantar da Ummi. Ina da tambayoyi a zuciyata da ban sami amsarsu ba, ina roƙon Allah Ya yaye min. Maganar jinkiri ba zan iya cewa ba a yi ba, amma ban taɓa cewa ka yi da mugunta ba. Ni ma da na zo gida a wancan makon da na gani da idona, ban zo ba. Ka yafe min zafin da na sa maka. Ka ba ni 'yata."

Na san bai cika sharaɗi ba. In ya ƙi, ban san yadda zan yi ba, Kawu. In na bar aikin na dawo, ba shi zai sa ya ba ni ita ba, ga shi a garin an riga an yi min suna. Iyakar gaskiyata ke nan.

'Yarka,
Naja'atu

Gafasa,
16 ga Yuli, 2023

Naja'atu,

Salamu alaikum. Muna lafiya, an yi babbar salla lafiya, gero ya yi kyau, ana noma na biyu.

Na je Kademi ranar Talata. An karanta takarda a zaure, Liman Ɗantani yana nan da dattawan nan biyu. Muhammad Bashir ya saki Ummi. Ranar Litinin mai zuwa Amarya za ta kai ta Kano a ɗauki hoton fasfo. Wayar Juma'a ma za ta dawo.

Abu ɗaya nake so ki kiyaye. Ki yi magana da Ummi da Amarya a kan makaranta da abinci da abin da ya shafi tafiya. Kada ki nemi Muhammad Bashir, kada ki aika masa saƙo, kada ki tayar da zancen takarda da kowa. Miki ne ya fara kamewa, a bar shi.

Ba na jin daɗin dogon rubutu kwanakin nan.

Maiwada

Ingila,
27 ga Agusta, 2023

Zuwa ga Kawu,

Assalamu alaikum. Ina gaisuwa, ina gaida Inna Hanne. Yaya damina? Na ji a bakin Amarya wai ka bar limancin masallacin unguwarku, ka ce ƙafa ba ta barinka tsayuwa. Ka je a duba ta mana, kada ka yi irin abin da muke magana a kai.

Na ji muryar Ummi. Ta yi min ƙorafin an yi mata kitso mai zafi saboda hoton fasfo, ni kuwa ina riƙe da waya ina kuka ba ta sani ba. Fasfo ya fito, an shigar da takardun biza. Wata abokiyar aikina 'yar Kano za ta je gida hutu a Nuwamba, ita za ta taho min da ita.

Kawu, ban san yadda zan gaya maka abin da wannan ya yi min ba. Na aika da takardar nan ne ina da yaƙinin na rasa 'yata. Na faɗi gaskiya, har da wadda ba a so, sai ga shi an ba ni. Mutumin da na soka a gaban jama'a ya ji na ce ina da tambayoyi, ya ji na ƙi janyewa, duk da haka ya buɗe hannu. Wa ya taɓa zuciyarsa? Ranar da takardarka ta zo na yi sallar la'asar, na daɗe a sujada, rabon da in yi haka tun kafin rasuwar. Ba zan ce tambayoyin sun tafi ba, amma na ji kamar an motsa a cikin gidan.

Tsohon ɗaki na tara ya rasu makon jiya, da hantsi, ina riƙe da hannunsa. Na ba shi labarin Ummi kafin nan, ya ce to, ke naki Ya amsa. Bai nemi a kira masa fada daga coci ba. Ba'indiya ta buɗe taga bayan ya cika, ta ce haka suke yi. Ni kuwa na tsaya ban san abin da ya halatta in roƙa masa ba, sai na rufe masa ido kawai.

Na bi maganarka ban nemi Yaya Muhammad Bashir ba. Amma da zarar Ummi ta sauka zan rubuta masa doguwar godiya, in gaya masa karɓar da ya yi min da shakkata ita ta fara dawo da ni. Ya kamata ya san ladan da ya samu.

'Yarka,
Naja'atu

Gafasa,
12 ga Nuwamba, 2023

Zuwa ga 'yata Naja'atu,

Assalamu alaikum. Muna nan, an kai amfanin gona gida, Hanne tana gaishe ki. Wannan takardar ba ta bi ta shagon Maikuɗi ba. Na liƙe ta da kaina, gobe Hanne za ta bi su Kano ta ɗinke ta a cikin jakar Ummi kafin jirginsu ya tashi. In kina karanta ta, 'yarki tana kusa da ke. Ki dube ta tukuna, sannan ki ci gaba.

Kada ki rubuta wa Muhammad Bashir godiyar nan. Bai taɓa jin takardarki ba.

Na karanta ta sau bakwai, na san ba za ta wuce ba. Ba don tambayoyinki ba, Liman zai iya haɗiye wannan. Layin jinkiri ne. Mutumin nan ba zai iya sake jin sa a gaban jama'a ya miƙa miki yarinya ba. Sai na hau mota na tafi Gaya, na nemi shagon da ba a san ni ba, na faɗa aka buga. Layi biyar, abu uku, da sunanki a ƙasa. Bugun inji duk ɗaya ne, na ce wa kaina ƙaramar ƙarya ce ta sulhu, kuma malamai sun yi rangwame a kan irinta.

Na karanta musu a zaure. Da na gama Muhammad Bashir ya karɓi takardar ya juya ta, ya ce bugun inji ba shi da hannu, kowa zai iya yi. Ya shiga gida ya fito da Alƙur'ani a cikin gafaka. Liman ya ce haba, Malam Maiwada ba a rantsar da shi, wa ya taɓa jin ƙarya a bakinsa? Shi kuwa bai dubi Liman ba, ya matso kusa da kunnena ya ɗaga murya yadda zan ji.

"Kawu, ba ƙaryata ka nake ba. So nake zuciyata ta kwanta. Ka dafa ka ce ita ta rubuta, ita ta janye."

Ina da alwala, don daga sallar azahar muka zauna. Ina iya cewa a bari sai gobe. Ina iya tashi in yi fushi irin na manya in tafi, ba wanda zai ga laifina. Ummi ta shigo da kwanon ruwa ta durƙusa ta gaishe ni, ta tambaye ni ko Ummanta tana lafiya. Da ta fita na dafa, na rantse.

Ya sunkuyar da kai ya yi ta kuka a gaban mutane, babban mutum da furfura. Ya ce shekara uku bai yi barci mai daɗi ba, tun da matar ƙaninsa ta ce ba jinkiri ba ne, to ya sami sauƙi. A nan take ya ce a shirya yarinya.

Kin san na yi ɗan karatu a zaure kafin boko. Rantsuwar da mutum ya yi a kan abin da zai aikata ya kasa, tana da kaffara, a ciyar ko a yi azumi. Wadda ya yi da gangan a kan ƙarya, yana sane, ba ta da kaffara. Gamusu ake ce mata, mai dulmiyar da mai ita. Babu abin da ke ɗauke ta sai tuba. Ƙafata ba ta fi da ciwo ba, Naja. Na kasa tsayawa gaban mutane ne in ja su salla da hannun nan. Mus'hafina yana kan tebur tun Yuli, Hanne tana share masa ƙura tana kallona.

Da takardarki ta Agusta ta zo na yi kwana biyu ban ci abinci ba. Kin ce an motsa a cikin gidan, ni kuwa na san wanda ya motsa, wani tsoho ne mai ƙarya a shagon kwamfuta a Gaya. Na so in bar ki da abin da kika samu. Amma da kin aika godiyar nan komai ya tone, kuma ba na so ki gina imaninki a kan abin da na san rami ne. Ko Shi ne Ya tura ni Gaya, ko ni na kai kaina, tambayarki ce ta dawo kaina, kuma amsar da na ba ki a watan Mayu ba ta ishe ni ba. Ba'indiyarki za ta ce Yana cikina ya san dalilina. Tsohonki da ya ce in tsaya in yi gardama da Shi. Ni ba a koya min haka ba, kuma na tsufa da sake koyo. Wanda na sani Mai rahama ne, kuma Mai tsananin kamu ne, da sunan Sa na yi ƙarya ina kallon littafin Sa.

Sharaɗin tuba na farko nadama ce. Yau da safe na je Kademi muka rako Ummi, na ga ta hau motar Kano da jakarta a cinya, tana leƙowa ta taga tana yi wa Amarya dariya. Na duba zuciyata a wurin, na sake dubawa a hanyar dawowa, ban sami nadama ba ko ƙwaya ɗaya. Tsoro na samu, mai yawa, amma tsoro daban nadama daban. Da za a mayar da ni zauren nan da na sake dafawa.

Shekarata saba'in da huɗu, lokacin jira ba shi da yawa. In nadamar ta zo, dole in koma Kademi in faɗa a gaban waɗanda na rantse wa, in mayar wa Muhammad Bashir kayan da na sauke masa, in raba Ummi da dangin ubanta. Ki riƙe yarinyar nan da kyau, ki koya mata salla, kada ki gaya mata wannan. In kin tsaya taki sallar, da shakkar da komai, ki roƙa min Allah Ya ba ni nadama kafin in mutu. Ni na kasa roƙa, ina tsoron a amsa.

Kawunki,
Maiwada